Kada a Karɓe Littafi Daga Hannun Yaron da Gidansu Ya Rikice

Akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu a tsakanin iyaye da malaman makarantunmu, wato da zarar sun ga littafin hikaya a hannun yaron da ya fara balaga, kuma suka tarar akwai zancen saki a cikinsa, ko rikicin kishiyoyi, ko karayar arzikin maigida, sai su karɓe shi bisa hujjar cewa yana ɓata tarbiyya. A ganina wannan kuskure ne, domin yaron da aka saki mahaifiyarsa a gaban idonsa, ko aka kai shi riƙo gidan da ba a maraba da shi, ba a littafi ya fara sanin musiba ba. Abin da ya rasa shi ne mai gaya masa cewa wasu sun shiga irin wannan jarrabawa, kuma sun fita da mutuncinsu.

Magabatanmu ba su ɓoye wa yara wannan ba. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934 bayan gasar rubutun littattafai da aka shirya a Zariya, labarin maraya ne wanda hassadar fadawa ta sa aka kori mijin uwarsa, Makau, daga gari, aka sace yaron yana ƙarami, uwar ta faɗa bauta wajen nemansa, amma duk da haka ya tashi ya zama malamin da ɗalibai ke yi wa tururuwa. Mafi girman hujja ma ita ce ƙissar Annabi Yusufu, Alaihis Salam, wadda farkonta makircin 'yan uba ne, ƙarshenta kuwa afuwa, kuma babu malamin da ya taɓa cewa ta fi ƙarfin kunnen almajiri.

Haƙiƙa ba kowane littafi ne ya cancanci shiga ɗakin yaro ba, kuma wanda ya mai da batsa hajarsa ba shi da uzuri. Amma maganin wannan shi ne uba ya karanta kafin ya yanke hukunci.

Su ma marubuta akwai hakki a wuyansu. Balaraba Ramat Yakubu, a cikin Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, ta nuna yadda Alhaji Abdu ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta tara, ta koma sayar da abinci don ta riƙe su. Sai dai galibin littattafanmu na Kano sun fi karkata ga masoya da ma'aurata, shi kuwa ɗan shekara goma sha huɗu, wanda a kansa ake yin rigimar, ba kasafai ake ba shi baki ba. Ya kamata a rubuta labarin daga wajensa: kuɗin makarantar da ya gagara, tallan da ya maye gurbin karatu, da kunyar da ke hana shi kai kuka wajen kawu. Makarantu kuma su sanya irin waɗannan littattafai cikin manhaja, malami ya zauna ya tattauna su da ɗalibansa.