Wa ke biyan mawaƙin da ake ji a Boɗinga da Shagari?

A shekarar 2010 wata mawaƙiya 'yar ƙasar Suwidin mai suna Robyn ta saki waƙa mai taken "Dancing On My Own", irin waƙoƙin nan da ba ganga ba kalangu, na'ura ce ke yin kiɗan daga farko har ƙarshe. Ita da wani mai haɗa kiɗa, Patrik Berger, suka rubuta ta, kamfaninta na kanta, Konichiwa Records, ya fitar. Waƙar ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin da ke tashe a Suwidin, ta kai na takwas a Birtaniya, aka sa ta cikin masu takarar kyautar Grammy, sannan a 2021 mujallar Rolling Stone ta ba ta matsayi na 20 cikin waƙoƙi 500 da ta ce ba kamarsu a tarihi. Ba don daɗin waƙar na kawo ta ba, da wuya a sami wanda ya san ta a tashar Boɗinga. Abin lura shi ne komai nata a rubuce yake: ranar da ta fito, inda ta kai kowane mako, wanda ya rubuta, wanda ya kaɗa, da kason kowa. Da wani ɗan Birtaniya, Calum Scott, ya sake rera ta a 2016 har ta kai matsayi na biyu a ƙasarsu, Robyn da Berger ba su je roƙo ba, ba su kai ƙara ba. Haƙƙinsu na marubuta ya iske su har gida.

To a ɗora wannan kusa da "Jaruma" ta Hamisu Breaker, wadda ta yi tashe a 2020 lokacin kullen korona. Kiɗanta ma na na'ura ne, kamar kusan duk waƙoƙin soyayya da suka fito daga sitidiyon Kano tun da fiyanon Yamaha ya shigo harkar fim a shekarun 1990. Ta game Arewa, matan aure suka yi ta ɗaukar bidiyo suna taka wa mazajensu rawarta, malamai suka yi ta faɗa, kuma garuruwan da ke kan titin Sakkwato zuwa Jega ba a bar su a baya ba. Amma a tambayi kowa, har mai waƙar, mutum nawa suka ji ta a Boɗinga da Sifawa da Ɗanchaɗi, ko a Shagari da Kajiji da Dandin Mahe. Ba mai amsa. Alƙaluman YouTube masu data kawai suke ƙirgawa, alhali a waɗannan garuruwa waƙa ba ta wannan ƙofa take shiga ba. Mutum ɗaya ne ke sauko da ita, galibi mai turi da ke zaune a rumfar cajin waya da tsohuwar kwamfuta. Yaro ya kawo memori ya biya a cika masa, ya tura wa abokai goma ta manhajar Xender, ɗan kabu-kabu ya sa a sifika yana yawo da ita, dije ya kwana yana kaɗa ta a gidan biki. Ko a watan Satumbar 2021 da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, wannan hanya ba ta da abin da zai tsayar da ita, domin turi ba ya buƙatar sabis. Kuɗi na fita daga aljihun mai sauraro, amma a rumfar mai turi suke tsayawa.

Wannan ne ke sa nake ganin yawancin ƙorafin da ake yi kan waƙoƙin zamani an bar jaki ana dukan taiki. Mawaƙi, a da da yanzu, wanda ke ciyar da shi yake wa waƙa. Salihu Jankiɗi na da fadar Sarkin Musulmi, Narambaɗa na da Sarkin Gobir na Isa, Ɗan Anace na da 'yan dambe da manoma, kuma idan ya wasa ɗan damben nan Shago a fage, 'yan kallo nan take suke yi masa kyauta, hannu da hannu. Mai ji da mai biya duk a fili ɗaya suke. Mawaƙin yau yana da masu ji fiye da abin da Narambaɗa ya taɓa mafarki, amma ba hanyar da sisinsu zai bi ya kai gare shi. Sai ya nufi inda ake biya: bikin 'ya'yan masu kuɗi, inda ake liƙi, ofishin ɗan takara, inda ake ba da mota, ko TikTok, inda kalmar da ta fi tayar da ƙura ita ta fi kawo masu kallo. Duk wanda ya ji yadda waƙoƙin yabon 'yan siyasa da na habaici ga abokan hamayyarsu suka cika sifikokin kasuwa a kakar zaɓe, ya ji sakamakon wannan tsari. Talakan Shagari yana sauraron abin da wani ya biya aka yi, shi kuma kuɗinsa, da yake ba su kai ga mawaƙi ba, ba su sayo masa ko baiti ɗaya kan taki ko ruwan noman rani ba.

Za a ce ai Suwidin ƙasar masu bin doka ce, mu kuwa satar fasaha ta zama mana jiki. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. A Suwidin aka kafa The Pirate Bay a 2003, shafin da ya zama uwar matattarar satar waƙa da fim a duniya. A watan Afrilun 2009 kotu a Stockholm ta yanke wa mutum huɗu da ke da hannu a shafin ɗaurin shekara ɗaya-ɗaya, amma bayan wata biyu jam'iyyar da ke kare masu saukar da waƙa kyauta ta ci sama da kashi bakwai cikin ɗari a zaɓen majalisar Tarayyar Turai, ta sami kujera. Wato kamun bai sa matasa sun tuba ba. Abin da ya sauya lamarin shi ne Spotify, wanda Daniel Ek da Martin Lorentzon suka kafa a 2006 ya fara aiki a 2008. Ya ba matashi abin da ɓarawon ke ba shi, waƙa nan take ba wahala, sai dai kowane ji ana ƙirga shi. Ƙirgen kuma ya tarar da rumbu a ƙasa, don tun 1923 marubuta waƙa na ƙasar ke da ƙungiyarsu, STIM, mai karɓo musu haƙƙi daga rediyo da wuraren rawa da shaguna. Ba wai jininsu ya fi namu kiɗa ba. Alban Nwapa, ɗan Oguta a jihar Imo, karatun likitan haƙori ya kai shi Suwidin, ya haɗu da mai haɗa kiɗa Denniz Pop, a 1992 waƙarsa "It's My Life" ta game Turai da sunan Dr. Alban. Tsarin da ya tarar ne ya ɗaga shi.

Ba ina cewa a jira Spotify ya ceci mawaƙin Hausa ba. Ya shigo Nijeriya tun Fabrairun 2021, ga Boomplay da Audiomack a wayoyi, amma duk suna cin data, kuma a farkon 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin ɗari. Manomin albasa ba zai ƙona data don ya ji waƙar da zai samu a memori sau ɗari da kuɗin shayi ba, kuma yana da gaskiya. Su kansu mawaƙan Turai kuka suke yi da ƙanƙantar abin da manhajar ke biya. Darasin ba manhaja ba ne, darasin shi ne a je inda mai sauraro ya riga ya saba biya a kafa ma'auni a wurin. A Boɗinga da Shagari wurin nan rumfar mai turi ce, sai akwatin dije. Waɗannan mutane sanannu ne, suna da rumfa, da yawansu suna da ƙungiya da shugaba, kuma ba wanda ya fi su sanin waƙar da ake nema a wannan mako. A daina kiran su ɓarayi, a mai da su dillalai: mawaƙi ya ba ƙungiyarsu sabuwar waƙa tun kafin ta hau intanet, su biya wani abu sananne a wata, su riƙa rubuta abin da aka fi nema, a raba kuɗin bisa wannan lissafi. Masu shirya fim a Kano sun shafe shekaru suna kokawa da masu turi, kasuwar faifai ta mutu a hannunsu duk da haka, ƙarshe suka koma YouTube da fina-finai masu dogon zango irin su "Izzar So". Kame ba zai dawo da abin da ya wuce ba.

Akwai masu cewa talaka ba shi da abin biya. Ai yana biya tun tuni, mai turi ba sadaka yake yi ba. Kuma a 2020, da Dauda Kahutu Rarara ya ce ba zai sake yi wa Buhari waƙa ba sai masoya sun turo masa naira dubu ɗaya-ɗaya, mutane sun tura. Ko me mutum ke gani game da wannan waƙa, ta nuna Bahaushe na iya biyan mawaƙi kai tsaye idan an nuna masa inda zai sa kuɗin. Wasu kuma za su ce yaɗuwar waƙa kyauta ai talla ce, daga nan ake gayyatar mawaƙi wasa. Haka ne ga mutum biyar ko goma da sunansu ya fito. Yaron da ya kwana a kan fiyano yana haɗa kiɗan, da yarinyar da ta yi amshi wadda muryarta ce rabin daɗin waƙar, da wanda ya tsara baitocin idan ba mai rerawa ba ne, sau ɗaya ake sallamarsu a sitidiyo, ba mai gayyatarsu biki, sau da yawa ko sunansu ba a ambata.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta addini, kuma ba a Boɗinga za a raina ta ba. A Sifawa Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙaninsa Abdullahi kuma a Boɗinga ya zauna, kuma matsayinsu kan kaɗe-kaɗe da cuɗanyar maza da mata ba ɓoyayye ba ne. Mai tambaya na iya cewa don me za a gyara wa kiɗa kasuwa a irin wannan wuri. Amsata ita ce kiɗan ya riga ya shiga kowace waya, rashin tsari bai rage shi ba, sai ma ya bar shi a hannun wanda ya fi kowa rashin kunya, don shi ne ba ya buƙatar kuɗin mai sauraro. Sannan ba waƙar soyayya kaɗai ke cikin kwamfutar mai turi ba. Akwai bege, akwai wa'azi, akwai rubutattun waƙoƙi da ake rerawa ba kiɗa, irin gadon da Nana Asma'u ta bari, irin wanda Shehu Shagari ya bi tun yana malamin makaranta ya tsara "Waƙar Nijeriya" don koyar da yara labarin ƙasa. Masu waɗannan ma ba sa samun komai, kuma su ne ba su da ɗan takarar da za su jingina da shi. Mai son waƙa mai tsafta ta yi rinjaye shi ya fi kowa buƙatar a ƙirga abin da iyaye da magidanta ke saya.

Saura batun amana, wato wa zai riƙe kuɗin. Rigimar da aka daɗe ana yi tsakanin ƙungiyoyin COSON da MCSN kan wa ke da ikon karɓar haƙƙin mawaƙa a Nijeriya ta isa ta sa kowa ɗari-ɗari, kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ba za ta zo da ƙafarta rumfar caji a Kajiji ba. Shi ya sa bai kamata a fara da kuɗi ba, a fara da littafi. Ƙungiyoyin mawaƙa na Sakkwato da Kano su riƙa rubuta kowace waƙa da sunan mai rerawa da mai tsarawa da mai kiɗa da 'yan amshi. Masu turi na ƙaramar hukuma ɗaya ko biyu su riƙa ba da jerin waƙoƙi goma da aka fi nema kowane mako, gidan rediyon Rima ya karanta a fili. Idan jerin ya shekara ana jin sa, kowa ya san abin da ya shiga da wanda ya kamata a ba, zai yi wa ma'aji wuya ya ce bai ga komai ba.