Ba Tsufa Ke Ruɗa Dattijo Ba

Wani marubuci ya wallafa cewa mutum in ya haura 60, gatan da ya rage a yi masa shi ne a shimfiɗa masa tabarma a zaure ya huta, tunda ruɗewa dole ce ga mai shekaru. Wannan magana kuskure ce mai cutarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cutar mantuwa ba wajibin tsufa ba ce. A 2020 kwamitin masana na mujallar Lancet ya danganta kusan kashi 40 cikin 100 na cutar da abubuwa 12 da ake iya magancewa, ciki har da hawan jini, raunin ji da zaman kaɗaici. Ashe tabarmar da marubucin yake kira gata, ita ce ke kusanto da abin da yake tsoro. A unguwar Djamboutou da ke Garwa, dattijon da ke raba gardamar iyakar fili gaban jauro, wato mai unguwa, da gwaggon da ke riƙe lissafin adashin mata da ka, suna motsa ƙwaƙwalwarsu kullum.

Marubucin zai ce ƙarfi na raguwa, kuma zafin Afrilu a Garwa yakan wuce digiri 40. Haka ne, gwiwa takan gaji, ido ya dushe. To sai a sauƙaƙa wa Baba aikin: ya bar ɗaukar buhu, ya riƙe ciniki da shawara. A riƙa auna jininsa, a duba kunnensa. Tsohon da aka daina tambayarsa komai, mu muka ruɗa shi da hannunmu.