Liyari mai 1780: shekarar da ke jikinsa ba shaida ba ce

Yau za mu duba liyari, kuɗin azurfan nan mai hoton mace a gaba da mikiya mai kai 2 a baya, wanda wasu ke ce wa gurus. Fataken Tarabulus ne suka riƙa shigo da shi Damagaram da Kano. A 1851 Bajamushen nan Barth ya tarar ana canza shi wuri 2.500 a Kano. Har gobe yakan fito a ƙasar Magariya da Dungas, daga kayan gado ko daga kwalliyar matan Fulani.

Dillali zai nuna maka 1780 a jikinsa, ya ce ai ya haura shekara 200, ya tsuga kuɗi. Kada wannan ya ruɗe ka. A 1780 ne Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya ta rasu, kuma duk wanda aka buga bayan rasuwarta wannan shekarar aka bari a kansa, domin ƴan kasuwar Larabawa da Habasha ba sa karɓar wanda aka sauya wa kama. An buga shi a Roma daga 1935, an buga a Pari da Landan da Bombai, kuma har yanzu ana buga shi a Viyana. Na jiya da na zamanin Sarki Tanimun duk 1780 ne.

Saboda haka a nemi gaskiyarsa a ma'auni. Na ƙwarai giram 28 ne, azurfa zalla a cikinsa giram 23 da ɗan ɗori. In ya gaza sosai, a ajiye shi. Sannan a juya gefensa: akwai rubutu da ado da suka taso kewaye da bakin, kuma a nan ne mai zubi ya fi kasawa, sai ka ga rubutun ya dushe, ga layin haɗi, ga ƴan ramuka kamar na yashi. A ɗora shi bisa yatsa a ƙwanƙwasa: azurfa tana jan amo, darma kuwa tim take yi. Mayen ƙarfe yana tona wani jabun, amma ba ya kama jan ƙarfe, don haka shi kaɗai bai isa ba.

Wannan ha'inci ya tsufa. Tun zamanin Rumawa ake lulluɓe jan ƙarfe da azurfa a ce dinari ne, kuma daga sunan wannan kuɗin, ta bakin Larabawa, muka sami kalmar zinariya. Dabarar ba ta sauya ba, shi ya sa maƙeran farfaru ke ɗan goga gefen liyari kafin su saya. In ja ya leƙo, ciniki ya mutu.

Masu rabon gado musamman, a auna kowane liyari daban a gaban magada, kada a ƙirga su da kai kamar goro.