Ba Kowace Juma'a Ake Ganewa Tun Daga Laraba Ba

 

Duk wadda ta taɓa riƙe aji ta san tambayar nan da iyaye mata ke yi mako uku kacal da komawa makaranta: "Malama, ya kika ga 'yar taki? Za ta yi abin kirki kuwa bana?" To, ashe ba mu kaɗai ke da wannan gajen haƙuri ba. A Amurka, duk watan Janairu irin tambayar da ake yi ke nan a kan ƙungiyoyin 'yan mata masu buga ƙwallon tanis a jami'o'i. Tun ba a yi wasa uku ba an jera su, an ce wance ce ta ɗaya, wance kuwa sai dai baɗi. Bahaushe ya ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wannan watan so nake mu gwada karin maganar nan a kan 'yan matan, mu ga ko za ta tsaya.

Kakar wasansu takan fara ne a Janairu ta ƙare a Mayu, lokacin da hukumar wasannin jami'o'i, wato NCAA, ke tara ƙungiyoyi 64 su yi ta fitar da juna har a sami zakara. Idan jami'o'i biyu suka haɗu, maki bakwai ake nema, wadda ta riga kai huɗu ita ta ci. Da farko a yi wasan bibbiyu a fili uku, ƙungiyar da ta ci biyu daga ciki ta sami maki ɗaya tak. Sannan 'yan wasa shida daga kowane ɓangare su kara ɗai-ɗai, kowace da makinta guda. Ki lura da kyau, 'yar uwa: makin gwanar da ke fili na ɗaya, wadda ake buga hotonta a jarida, daidai yake da na yarinyar da ke can fili na shida inda 'yan kallo ba su cika leƙawa ba. Ƙungiya tana iya mallakar wadda ta fi kowa iya wasa a faɗin ƙasar, amma a doke ta da shida da ɗaya. Masu lissafin Janairu kuwa kan gwanar idonsu ke tsayawa, don ita suka sani.

Jami'ar Stanford da ke jihar Kalifoniya ita ce uwa ma ba da mama a wannan fage. Ita ta ɗauki kofin farko a 1982, kuma zuwa 2019 ta ɗauka sau 20. Goma a hannun koci Frank Brennan, goma a hannun matar da ta gaje shi, Lele Forood, wadda a shekararta ta farko, 2001, 'yan matanta suka yi wasa 30 ba a ci su ko sau ɗaya ba. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne 2016 da 2018. A shekarun biyu, da aka zo jera ƙungiyoyi gab da gasar Mayu, ta 15 aka sa Stanford, wato har an yafe ta. Duka biyun ita ta tafi da kofin, kuma duka biyun da ci huɗu da uku a wasan ƙarshe, na farko a kan Oklahoma State, na biyu a kan Vanderbilt. Ina Larabar take a nan?

Sai ki juya ki dubi Jami'ar Karolina ta Arewa. Akwai wata babbar gasa da ake yi a Fabrairu cikin rufaffen ɗaki saboda sanyi, kuma da ita ake auna kowa a farkon kaka. Karolina ta ci wannan gasa sau shida tsakanin 2013 da 2022, amma kofin Mayu ya ƙi zuwa sai a 2023. (A yi mata adalci, a 2020 annobar korona ta hana a yi gasar Mayun gaba ɗaya.) Oklahoma State ma ta ci ta Fabrairun 2024, ta yi ta cin kowa har Mayu, sai ga jami'ar Tennessee ta fitar da ita tun kafin zagayen 'yan takwas, wanda a garinsu aka shirya yin sa.

Dalilan ba boyayyu ba ne. Wasan cikin ɗaki daban, na waje daban: a ɗaki babu iska, babu rana a ido, ƙwallo na gudu, mai ƙarfin bugu ita ke cin kasuwa. A Mayu kuwa a fili ake yi cikin zafi, sai mai juriya da haƙuri. Ga sababbin ɗalibai, waɗansu daga wata ƙasa suka zo a Janairun, ba su gama sabawa da abinci da harshe ba balle abokiyar wasan bibbiyu. Yarinyar da ke rawar jiki a Fabrairu, kafin Mayu ta zama wata aba. Ga ciwon gwiwa da na kafaɗa, wanda ba ya sallama kafin ya shigo. Amma kada in zalunci karin maganar kakanninmu: a 2025 jami'ar Jojiya ta ci ta Fabrairu, ta kuma ci ta Mayu.

Akwai kuma matsalar gwanar kanta, domin ba ta zama. Peyton Stearns ta taimaki Tekzas ta ɗauki kofi a 2021 da 2022, daga nan ta bar makaranta ta shiga wasan neman kuɗi. Diana Shnaider 'yar Rasha kaka ɗaya ta yi wa jami'ar NC State, ta kai su wasan ƙarshe a 2023, ta yi gaba. Shi ya sa ni a nawa ganin, tambayar farko da ya kamata a yi wa ƙungiya a Janairu ita ce, su wa suka dawo? Na fi ganin ƙimar irin Mayar Sherif 'yar Masar, wadda ta tsaya ta kammala karatunta a jami'ar Pepperdine a 2018, sannan a 2022 ta zama mace ta farko daga ƙasarta da ta ci kofi a babbar gasar mata ta duniya, a garin Parma na Italiya. Maganar suturar da ake wasan da ita kuwa, na san tana ranku kamar yadda take raina, amma wannan zance ne na wata rana.

Mu koma kan Stanford. A 2024 abubuwa biyu suka same ta lokaci guda. Forood ta yi ritaya, aka ba mataimakinta Frankie Brennan, ɗan wancan Frank ɗin, riƙon ƙungiyar da rabonta da kofi tun 2019. Sannan rukunin jami'o'in yammacin ƙasar da take ciki ya watse, ta koma rukunin ACC, wanda yawancin jami'o'insa suna can gabas. Daga Kalifoniya zuwa gaɓar gabas tafiyar awa biyar ce ko fiye a jirgin sama, ga bambancin agogo na awa uku. Masu sharhi a farkon kakar 2025 suna ta tambaya ko ɗa zai gaji ubansa. Ni uwa ce, tambayata daban: yarinyar da ta sauka daga jirgi tsakar daren Lahadi, da wane ido za ta shiga aji ranar Litinin? Dokar NCAA ta ce kada horo da wasa su wuce awa 20 a mako, amma awoyin tafiya ba sa cikin lissafin. Kuma da yawansu wasan nan ne ke biya musu kuɗin makaranta, in maki ya faɗi a aji, dokar ta hana su shiga fili. Kofin bai je Stanford a 2025 ba, Jojiya ce ta doke Tekzas A&M da huɗu da nema.

Saboda haka in wata ta kawo mini jerin Janairu ta ce in zaɓa, zan fara ƙirga 'yan shekarar ƙarshe da suka rage a ƙungiyar, in tambayi wa ke tsaye a fili na biyar da na shida, sannan in dubi taswira in ga nisan da za su yi ta yi tsakanin Maris da Afrilu, daidai lokacin da jarrabawa ke ƙaratowa.

Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. A gaishe mini da yara.