Kayan Tsohuwar Peugeot Sun Zama Gwal

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar nan cikin shekarun 1970 da 1980 ya san Peugeot 504, wadda 'yan tasha kan kira Fijo. Ita ce motar babban sakatare, ita ce ta ɗan kasuwar da ya fara samu, ita ce kuma mai jigilar fasinja daga Kano zuwa Ikko. A 1968 aka fito da ita a Faransa, a 1975 aka buɗe ma'aikatar harhaɗa Peugeot a Kakuri cikin Kaduna, daidai lokacin da kuɗin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata. Faransa ta daina ƙera ta salun a 1983, amma Kaduna ba ta daina ba sai 2006.

To, yau ga wani sabon sha'ani. Masu sha'awa sun tashi haiƙan wajen tayar da waɗannan tsofaffin motoci, watau a ɗauko wadda ta yi shekara ashirin tana kwance a bayan gida, kaji na ƙwai a cikinta, a mai da ita kamar ranar da ta fito daga ma'aikata. Wani don tunawa da mahaifinsa yake yi, wani don ado ranar biki. Sai dai kowannensu kukansa ɗaya ne, kayan gyara na asali sun yi tsadar da ba a taɓa zato ba.

Ya kamata a bambanta, domin ba kowane kaya ne ya yi wuya ba. Abubuwan da ke cinyewa yau da gobe, kamar takalmin birki da fulogi da bel, har yanzu wasu kamfanoni na ƙera irinsu, ana samu. Inda gizo ke saƙar shi ne kayan jiki: fitilar gaba mai fasalin nan da ya bambanta 504 da sauran motoci, da jar fitilar baya, da bamba mai ƙyalli, da agogon gudu, da robar bakin gilashi, da ɗan zakin nan na gaban mota. Waɗannan, da zarar kamfani ya ajiye abin da yake zuba su a ciki, shi ke nan. Abin da ya rage a duniya shi ne kwantai na kantuna da wanda aka kwance daga jikin wata motar. Kowace fitila da ta fashe ta rage yawan, ba kuwa mai ƙarawa. Roba ma ko ba a taɓa ta ba, tana bushewa ta tsage a inda aka ajiye ta.

Masu nema kuwa sai ƙaruwa suke yi, har a Turai. A Faransa da Jamus, motar da ta cika shekara 30 ana iya yi mata rajista ta musamman a matsayin kayan tarihi, kuma masu tara irin waɗannan motoci ba su yarda da jabu, gama darajar motar tana faɗuwa idan aka ga baƙon abu a jikinta. Da can mai kanti a Ladipo ko Ƙofar Ruwa da Malam Bakanike kaɗai yake ciniki. Yanzu kafin ya yi kuɗi sai ya duba wayarsa ya ga nawa ake sayar da irin kayan a intanet da kuɗin Turai, sa'an nan ya juya shi zuwa Naira. Nairar kuwa kowa ya san halin da ta shiga. A farkon shekarun 1980 ta fi dalar Amurka daraja. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, cikin 2024 ta haura 1,500.

Wanda ya kasa sayen na asali sai ya koma ga kwaikwayo. Ba laifi, amma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Bambar kwaikwayo damina ɗaya ke fito da tsatsarta, fitilar kuwa sai an yi mata ciko kafin ta zauna.

Abin takaicin a gida yake. Ƙasar da ta fi shekara talatin tana harhaɗa wannan mota, ita ya kamata ta zama rumbun kayanta. Maimakon haka, 'yan gwangwani ke bin gareji-gareji da harabar ma'aikatu suna sayen matattun motoci bisa sikeli, a sassare su da gatari, a loda a tirela zuwa inda za a narke. Ƙarfe suke nema, saboda haka gilashi da fitila da agogo, waɗanda su ne masu tsadar, farfasa su ake yi a zubar. Ba a ga laifinsu ba, sana'arsu ke nan. Mai motar ne bai san abin da ya sayar ba.

A Sochaux, garin da Peugeot ke da babbar ma'aikatarsa, kamfanin ya gina gidan tarihi na motocinsa, yana kuma da sashen da ke sayar da kayan tsofaffin samfura. Nan ba sai an jira irin wannan ba. Ƙungiyoyin makanikai da na masu kayan gyara a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa suna iya shiryawa da 'yan gwangwani, a bar bakanike ya kwance abin da ke da amfani kafin gatari ya sauka, kowa ya ci ribarsa. Wanda kuma ke da 504 kwance a gida, kafin ya kira mai sikeli, ya fara kiran tsohon bakaniken Fijo ya duba ta. Irin waɗannan dattawa da ke gane ciwon kafireto da kunne kawai, su ma ba su da yawa yanzu, yaransu duk sun koma gyaran motocin Japan.