Shin Mawaƙi Yaron Mai Kamfani Ne?

Ran Asabar ɗin da ta wuce malaminmu na Turanci ya zo da wani tsohon faifan garmaho ya sa mana a ɗakin taro. Na wani baƙar fata ne ɗan Amurka, Marvin Gaye, sunan faifan What's Going On, an kuwa fitar da shi a 1971. Da Malam ya ba mu tarihinsa sai gardama ta kaure a ɗakin kwananmu har bayan an kashe fitila. Abokina ya ce Marvin butulu ne, wai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ni ban yarda ba, ga kuma dalilina.

A wancan lokacin Marvin mawaƙin kamfanin Motown ne da ke birnin Detroit. Mai kamfanin a lokacin, Berry Gordy, ƙanen matarsa ne. Shekara da shekaru Marvin yana rera waƙoƙin soyayya, kuɗi na shigowa, kowa na murna. Sai al'amura suka rikice masa. Ƙanensa Frankie ya dawo daga yaƙin Biyetnam da labarai masu ta da hankali. A watan Maris na 1970 kuma Tammi Terrell, wadda suke waƙa tare, ta rasu da ciwon ƙwaƙwalwa tana da shekara 24. To, jama'a, mutumin da ke cikin wannan hali, yaya za a ce ya ci gaba da waƙar 'yan mata kamar babu abin da ya faru?

Asalin waƙar ma ba tasa ba ce. Obie Benson na ƙungiyar Four Tops ne ya ga 'yan sanda suna dukan matasa a Berkeley a 1969, abin ya tsaya masa a rai. Shi da Al Cleveland suka tsara ta, 'yan ƙungiyarsa suka ce ba ruwansu da waƙar zanga-zanga. Marvin ya karɓa, ya yi mata gyare-gyare, ya ɗauke ta a watan Yuni na 1970.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kuskure ya zama ado. Busar da ake ji a farkon waƙar, mai busa saksafon Eli Fontaine gwaji kawai yake yi, Marvin ya ce ya isa, abin da yake nema ke nan. Ya kuma rera waƙar sau biyu don ya zaɓi ɗaya, sai injiniya ya haɗa muryoyin biyu bisa kuskure. Da ya ji, ya ce a bar su haka. Shi ya sa in ka saurara sai ka ji kamar mutum ne ke amsa wa kansa. Masu hirar da ake ji a baya kuwa, har da abokansa biyu 'yan ƙwallon ƙungiyar Detroit Lions.

Gordy ya ƙi a fitar da ita. Marvin ya ce to shi ma ya daina yi wa kamfanin waƙa. Aka yi watanni ana ja-in-ja, har a Janairun 1971 wasu manyan ma'aikatan kamfanin suka sake ta ba da sanin maigida ba. Nan da nan ta kai ta biyu a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka. Sai ga Gordy da kansa yana cewa a yi maza a cika faifai. Cikin kwana goma na watan Maris aka ɗauki sauran, faifan ya fito ran 21 ga Mayu da waƙoƙi tara, a kan yaƙi da talauci da ƙwaya da ɓata ƙasa da ruwa.

Ba na cewa Gordy wawa ne. Baƙar fata ne da ya gina kamfani da gumin goshinsa a ƙasar da ake nuna wa irinsa wariya, yana da ma'aikata masu jiran albashi, tsoronsa kada Turawa masu sayen faifai su juya masa baya. Amma abin da ya saya wurin Marvin murya ce, bai sayi idonsa da zuciyarsa ba. Ladan da abokina ke magana a kai ma, ai an daɗe da yin askinsa, don waƙoƙin Marvin sun cika wa kamfanin aljihu tun kafin wannan rigima.

Abu ɗaya dai ke damuna. Gordy bai sauko don ya gane gaskiya ba, sai da ya ga kuɗi. Da waƙar ba ta yi kasuwa ba, da yanzu Marvin ake kira mai taurin kai, da kuma abokina ya kayar da ni.

Malam ya nuna mana bangon faifan. A ciki an jera sunayen makaɗan, har da James Jamerson mai kaɗa babbar gita. Mutanen nan sun yi shekara da shekaru suna yi wa Motown kiɗa ba a rubuta sunansu, sai a wannan faifan da maigida ya so ya hana.