Direban Tirela Da Mafarkin "Mota Tawa": A Yi Lissafi Kafin A Sayar Da Gona

Duk wanda dare ya taɓa yi masa a Tafa ko Mararrabar Jos, ko can Ogere a kan hanyar Ibadan zuwa Legas, ya zauna a teburin mai shayi inda direbobin manyan motoci ke yada zango, to da wuya ya tashi bai ji wani ya ce, "Ai ni ranar da na sami tawa, shi ke nan na huta" ba. Magana ce da ta zama tamkar wuridi a bakin matasan direbobi, kai hatta yaran mota da ba su gama iya ribas ba, su ma ita ce a bakinsu.

Kuma ba a ga laifinsu ba. Mutum ne zai bar iyalinsa mako biyu ko uku, ya kwana a ƙarƙashin mota, sauro ya ci rabonsa, ya tsallake shingayen masu karɓar na goro, ya ratsa dajin Birnin Gwari ransa a hannun Allah, sannan ya dawo ya miƙa wa mai mota balas, shi kuwa a sallame shi da abin da ba zai kai shi ƙarshen wata ba. In taya ta fashe a ce gangancinsa ne, in mai ya ƙare a hanya a ce sayarwa ya yi. Akwai masu motocin da ba sa tsoron Allah a kan haƙƙin direbobinsu, wannan ba abin musu ba ne. To amma tambaya a nan ita ce, shin direban da yake cikin wannan ƙunci, mafitarsa ita ce ya tattara abin da ya mallaka da wanda bai mallaka ba, ya sayi tasa motar? Ga mafi yawan masu wannan buri amsar ita ce a'a, ba yanzu ba tukuna, kuma ba ta hanyar da suke shirin bi ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne lissafin da direba ke yi a zuci. Ya san nawa aka yi jingar lodin daga Dawanau zuwa Legas, domin a gabansa aka yi. Ya san nawa aka sha na gas, ya san kuɗin hanya. Sai ya ɗebe waɗannan biyun, abin da ya rage ya ce duk ga shi can a aljihun Alhaji. Alhali kuwa wannan ragowar ba riba ba ce. A cikinta ne taya take, a cikinta ne bakin mai da birki da kulochi suke, da takardun mota da inshora, da kuɗin bakanike, da kwanakin da motar za ta yi a tsaye ba ta kawo ko sisi ba. A cikinta ne kuma kuɗin motar kanta yake, domin kowace tafiya ɗaya wani yanki ne na ranta ke fita, kuma ranar da ta mutu murus da wannan tarin ne za a sayi wata.

A ɗauki gas kawai. Kano zuwa Legas ya haura kilomita 1,000, zuwa da dawowa ya haura 2,000 ke nan. Tirelar da ke ɗauke da tan 30, wato buhu 300 na hatsi ko buhu 600 na siminti, da wuya ta yi kilomita 3 da lita ɗaya, balle tsohuwa mai hayaƙi. Ashe ke nan zagaye ɗaya zai lashe wajen lita 700 ko fiye. A farkon shekarar 2022 litar gas tana wajen naira 300. Kafin shekarar ta ƙare ta haura 800, a 2024 kuwa ta wuce 1,400 a wurare da dama. Wanda ya sayi mota a 2021 da lissafin 2021, ya yi alkawarin biyan bashi da wancan lissafin, ina ya kwana? Kuɗin lodi yakan tashi, gaskiya ne, amma ba ya tashi rana ɗaya da mai, yakan biyo baya ne yana ɗingishi, kuma a wannan tsakanin ne ƙananan masu mota ke karyewa.

Haka zancen yake a kayan gyara. Motocin nan, DAF ce ko MAN ko Mack ko Howo, kusan duk abin da zai lalace a jikinsu daga waje ake kawo shi, farashinsa kuma yana ɗaure ne a wuyan dala. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Motar da ke tafiya a kan taya 18 ko 22, a hanyoyin da kowa ya san halinsu, ba a raba ta da sayen taya. Direban haya in taya biyu suka tashi a Mokwa, waya zai ɗauka ya kira mai mota. Ranar da ya zama shi ne mai motar, wa zai kira?

Nan ne bambancin mai mota goma da mai mota ɗaya yake. Mai goma in ɗaya ta kwanta a gareji, tara suna ciyar da ita. Mai ɗaya in injinta ya buga, kasuwancin gaba ɗaya ne ya buga, tukunyar gidansa ma ta sauka, mai bin bashi kuma ba ruwansa da cewa mota tana kan dutse. Ba ma sai ta lalace ba. Daga watan Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 iyakokin ƙasa na tudu a rufe suke. A watan Oktoban 2022 ambaliya ta shanye hanyar Lakwaja zuwa Abuja a wajen Koton Ƙarfe, manyan motoci suka yi kwana da kwanaki a jere, masu kayan gwari suna ji suna gani kayansu suka ruɓe. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an sake rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, motoci suka yi cirko-cirko a Jibiya da Illela. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da direba ya jawo, babu kuma wanda ƙwarewar tuƙi za ta yi wa magani. Abin da ke fitar da mutum a irin wannan rana shi ne ajiyar da ya yi a gefe, wanda kuwa ake magana a kansa, ai da ma rashin ajiyar ne ya sa ake kiransa mai fama.

Sai kuma babbar maganar da matasa ba su cika son ji ba, wato lodi. Tuƙi sana'a ce, neman kaya kuma wata sana'a ce daban. Direba yana ganin da ya iso tasha ake ce masa ga kaya can je ka ɗauka, sai ya zaci kayan motar suke bi. Ina! Mai motar suke bi, da sanayyar da ya shekara ashirin yana ginawa da 'yan kasuwa, waɗanda suka san in kayansu suka salwanta yana da abin da zai biya su. Ɗan kasuwar da zai ɗora buhu 300 na wake a bayan mota, dukiya ce ta miliyoyi ya damƙa, ba zai ba wanda in an yi hatsari sai dai a yi masa jaje ba. Sabon mai mota sai ya koma hannun 'yan kamasho, su ba shi lodin da manya suka ƙi, a farashin da manya suka ƙi, su kuma cire nasu tun kafin ya tada mota. In ya sauke a Legas ya rasa lodin dawowa, ko dai ya yi mako yana cin uwar kuɗi a Ogere, ko ya taho wayam yana ƙona lita ɗaruruwa a banza. Ga shi kuma manyan kamfanonin da ke da kaya na kullum sun fi son motocin kansu. A 2025 matatar man Dangote ta ba da sanarwar kawo motoci 4,000 masu aiki da iskar CNG domin ta riƙa kai mai da kanta, abin da ya tada hankalin masu tankoki da ƙungiyar NUPENG har aka kai ga yajin aiki a watan Satumba. In masu tanka hamsin sun ji tsoro, mai shirin sayen guda ɗaya tilo ya kamata ya tsaya ya yi tunani.

To da wane kuɗi ma za a sayi motar? Nan ne ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Wani banki zai nufa. Haramcin riba ba abin da ake buƙatar a tsaya yi wa mai karanta wannan shafi dogon bayani ba ne, amma ko da ta fuskar lissafi aka duba, a ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwa kuma a saman haka suke ba da nasu. Wace tsohuwar tirela ce za ta ciyar da gida, ta gyara kanta, sannan ta biya wannan? Akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, waɗanda kan sayi abu su sayar wa mutum da ribar da aka sani, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Wannan ya kuɓutar da mutum daga riba, amma bai kuɓutar da shi daga bashi ba. Wata in ya ƙare sai an biya, mota ta yi aiki ko ba ta yi ba.

Wani kuwa gida zai koma ya tasa tsohuwarsa da ƙannensa mata a gaba, a sayar da gonar gado, da alkawarin wai cikin shekara ɗaya zai mayar wa kowa ninki biyu. Kuɗin ba zai kai na mota mai lafiya ba, sai a sayi wadda wani ya gaji da ita, aka yi mata fenti aka rubuta mata addu'a a goshi. Bayan wata shida mota tana gareji, gona tana hannun wani, zumunci kuma ya tsinke. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Akwai kuma abin da bashi ke mayar da direba. Wanda ranar biya ke bin sa a guje shi ne ke ɗora tan 40 a motar tan 30, shi ne ke ɗage gyaran birki zuwa tafiya ta gaba, shi ne ke haɗa dare da rana ba barci, daga nan sai a fara neman abin da zai hana ido rufewa, daga goro da shayi mai kauri a zarce zuwa ƙwaya. Salla ma sai a tara ta a yi jimla. Mota mai wannan nauyi in ta ƙwace a cikin kasuwa ba rai ɗaya take ɗauka ba, kuma jinin mutane ba abin da ake biya da cewa ai bashi ne ya matsa ba ne.

Saboda haka kafin komai, direban da ke fama ya zauna ya tantance mene ne ainihin ciwonsa. In ubangidansa ne azzalumi, maganin wannan sauya ubangida, kuma direba mai amana wanda ba ya taɓa mai, ba ya ɗaukar lodin ɓoye, masu motoci neman sa suke yi ido rufe. In kuwa kuɗin suna shigowa ne amma Tafa da Mararraba suna cinye su, to wanda bai iya riƙe dubu hamsin ba, miliyan ma ta hanyar za ta bi. In kuma kasuwar ce gaba ɗaya ta yi sanyi har mai motar kansa yana kuka, to wane mai hankali ne zai sayi rumfa a kasuwar da ke watsewa?

Wannan ba yana nufin direba ya mutu yana yaron wani ba. Da yawa daga cikin masu motocin da ake gani a yau daga yaran mota suka faro. Amma a bincika a ji yadda suka yi. Hanya mafi kusa ita ce mutum ya sayi littafi na naira ɗari biyu ko uku, ya shekara guda yana rubuta duk abin da motar da yake ja ta samu da duk abin da ta ci, har da kwanakin da ta yi a tsaye, kamar dai tasa ce. A ƙarshen shekara zai ga ribar gaskiya da idonsa, ba wadda ake faɗa a teburin mai shayi ba. A cikin wannan shekarar kuma ya riƙa sanin masu kaya da kansa, su san sunansa, su san amanarsa, har ya kai matsayin da mutum biyu ko uku za su ce masa in ka sami mota kayanmu naka ne. Wanda ya sami wannan, kuma yake da abin da zai sayi motar har ya rage na gyaran inji da cefanen wata uku, shi ne ya isa ya gwada. In kuɗin bai kai na tirela ba, ba abin kunya ba ne a fara da ƙaramar mota mai jigila tsakanin kasuwannin ƙauye da birni, inda ake kwana a gida, kuma taya shida ce ba ashirin da biyu ba.

In kuwa haɗin gwiwa za a yi, mutum uku ko huɗu su haɗa jari, ko direba ya sayi kaso a motar da yake ja ya riƙa ƙarawa sannu a hankali, to a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, amma sai ka ga 'yan'uwa sun haɗa miliyoyi a kan "ai mun yarda da juna," ranar da giya ta fashe kuma a rasa wanda zai biya. A rubuta kason kowa, a rubuta cewa hasara gwargwadon jarin kowa take, a ware ladan tuƙi daban da rabon riba, a fayyace nawa za a riƙa ajiyewa na gyara kafin a raba ko kwabo, da yadda za a yi in wani ya so fita ko ya rasu. Hatta tsarin nan da aka saba na "ja motata mu raba abin da aka samu," malamai sun yi saɓani a kansa, Malikiyya sun tsananta saboda ladan ba sananne ba ne, Hambaliyya kuma sun sassauta. Don haka a kai takardar gaban malamin da ya san babin ciniki ya duba ta, sannan a kai motar gaban bakaniken da ba abokin mai sayarwa ba ne, ya buɗe injin ya duba, tun kuɗi bai bar hannu ba.